Abin da Ya Motsa a Hoton Kafinta

A duk faɗin asibitin, tun daga masu gadi har manyan likitoci, Kar-ka-motsa ake ce mata. Wanda yake son nuna ladabi sai ya ƙara Anti a gaba. Bakinta ne ya jawo mata sunan, domin shekara ashirin da shida ke nan tana maimaita wannan magana sau ɗari a yini: ga tsofaffi masu rawar jiki, ga 'yan ƙwallon da suka karye, ga manyan mutanen da ba su saba a ba su umarni ba. Aikinta ɗaukar hoton cikin jikin mutane.

A ɗakin duhu ta fara, inda ake wanke fim ɗin hoton ƙashi, tana da shekara ashirin da ɗaya, hannuwanta kullum cikin warin sinadari. Da zamani ya juya aka daina wanke fim, sai aka tura ta ƙaro ilimi. Ta dawo ta tarar an kawo babban injin maganaɗisu, wanda ake tura mutum cikinsa kamar ana zura burodi a tanda, an girke shi a ɗakin ƙasa, can ƙarshen baranda. Aka damƙa mata makullin. Yau shekara goma sha ɗaya ita da injin suna zaman lafiya.

Injin ne ya raba ta da kayan ado. Maganaɗisunsa ba ya barci ko da an ɗauke wuta, kuma yana iya fizge almakashi daga aljihun nas tun daga bakin ƙofa. Don haka ba ɗan kunne, ba sarƙa, ba agogo, ko fil ɗin maƙale mayafi ba ta sawa. Ƙannenta mata kan ce, "Yaya, ke kam mijinki ya huta." Shi kuwa maigidan, tsohon direba ne da ya yi ritaya, sai ya ce, "Na huta a ina? Matar da ko shayi nake sha sai ta ce in daina kaɗa ƙafa?"

Ba ta da yawan magana. Tana da ɗabi'a guda da ke ba masu jira haushi: ba ta sauke mara lafiya daga gadon injin sai ta bi hotunansa ɗaya bayan ɗaya, daga na farko zuwa na ƙarshe, sannan ta sake dawowa da baya. Injin yana fitar da hoton kai ne yanka-yanka, kamar an yayyanka albasa, wani lokaci yanka ɗari biyu. Duk sai ta duba. Masu zama a benci su yi ta tsaki, ita ko a jikinta.

Akwai kuma dokar da ta riƙe kamar ranta: mai ɗaukar hoto ɗauka yake yi, likita ne ke karantawa. Sau dubu mara lafiya ya sauko yana kallon fuskarta, ya ce, "Malama, don Allah me kika gani?" Amsarta ɗaya ce: "Na ga kai. Yana nan inda ka bar shi." Sai a yi dariya, mutum ya tafi wurin likitansa. Abin da ta gani kuwa ta haɗiye shi. Cikin shekarun nan ta haɗiye abubuwa da yawa.

Wata Talata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, aka turo mata wani kafinta a kan gadon turawa. Ƙaton mutum ne, hannuwansa kamar faranti, haɓarsa ta yi gaba, fatar idonsa na hagu ta faɗo ta rufe idon ruf. Matarsa na biye, rungume da jakar leda mai ɗauke da kayansa. A gaba kuma ƙaramin likitan sashen ƙwaƙwalwa ne, mutum mai ƙwazo da kirki, wanda in yana tafiya sai ka ce ƙasa na ƙona masa ƙafa.

"Anti, ga na gaggawa," in ji ƙaramin likitan, yana miƙa mata takarda. "Ƙarfe biyu za a shiga da shi tiyata. Minti ashirin kawai nake roƙo."

A gurguje ya ba ta labari. A ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai bayan hanci, akwai wani ɗan ƙulli da bai fi ƙwayar wake ba, wanda ke tsara girman jiki da wasu ayyukansa. Ƙari ya fito wa kafintan a wannan ƙullin. Wata biyu da suka wuce aka gano shi a wani asibiti, aka sa masa ranar aiki. Yau da safe yana cikin goge katako sai kansa ya sara lokaci guda, ya yi amai, idon ya rufe. Likitoci sun ce ƙarin ne ya zubar da jini a cikin kansa, ya kumbura, yana danne jijiyoyin ido. In ba a cire shi da wuri ba, zai iya makancewa. Ta hanci za a shiga, shi ya sa babban likita ke son sabon hoto ya zama masa taswira.

Anti ta ɗauki takardarta ta tambayoyi, ta sunkuya kusa da kunnen kafintan.

"Sannu, Malam. Akwai ƙarfe a jikinka? An taɓa sa maka wani abu a ƙirji ko a ƙashi?"

"Babu," in ji shi da ƙyar.

"Ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa maka a ido?"

"Sai dai na katako."

"Malama, ki bincika shi da kyau," matar ta sa baki. "Mutumin da ko wanki zan yi sai na fitar da rabin shagonsa daga aljihu. Ga su nan." Ta buɗe ledar: ƙusoshi, abin awo, guntun fensir, da wasu takalma manya kamar kwale-kwale. "Kin ga waɗannan? Lamba arba'in da biyu yake sawa da na aure shi. Yanzu arba'in da shida ma matse shi suke yi. Zobensa sai da aka yanke. Shekara biyar yana ƙara girma ina ta yabon kaina, na zaci daɗin girkina ne."

"Ke dai ba kya gajiya," kafintan ya ce, bai buɗe ko ɗaya idon ba.

"In na yi shiru ai kuka zan yi, Baban yara. Wanne ka zaɓa?"

Anti ta dafa kafaɗarta, ta nuna mata benci, sannan ta sake juyowa ga mara lafiyan.

"Yaya ciwon ya zo maka?"

"Kamar an kafa mini ƙusa inci shida a bayan ido. Da bugu ɗaya."

Aka kwantar da shi, ta sa masa abin toshe kunne, ta tokare kansa da matasai ta kowane gefe, ta rufa masa kwandon da ke ɗaukar hoton kai. Ta faɗi kalmarta ta kullum, ta tura gadon cikin injin, ta fita ta ja ƙofar mai nauyi. Daga inda take zama akwai gilashi, akwai kuma ƙaramin allo da ke nuna mata fuskar wanda ke ciki. Injin ya fara ƙwanƙwasarsa, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar maƙera goma a ɗaki ɗaya. Ido ɗaya ta sa a kan hotunan, ɗaya a kan kafintan. Ta ga masu haƙuri da yawa, amma irin wannan ba kullum ba. Mutumin ya kwanta kamar ɗaya daga cikin katakansa.

Hotunan suka fara fitowa. Ga ƙarin nan, ya kai ƙwan tantabara, ya cika gurbinsa ya tumbatsa. Ga hasken jini a cikinsa, kamar yadda likitoci suka faɗa. Ƙaramin likitan ya leƙo ta saman kafaɗarta, ya gyaɗa kai.

"Shi ke nan. Tura wa ɗakin tiyata, Anti. A fito da shi."

Ba ta ko juyo ba. Ta koma yanka na farko, ta fara bi.

A yanka na goma sha huɗu ta tsaya. A ƙasan ƙarin, ta ɓangaren hagu, akwai wani ɗigo baƙi ƙirin, zagaye, kamar ƙwayar gyaɗa. Kuma daga kunne zuwa kunne wani siririn layi mai dishi-dishi ya ratsa hoton, ya bi ta tsakiyar ɗigon, sai ka ce an ja yatsa a kan rubutun da bai bushe ba.

"Likita, dubi nan."

Ya duba. "Ya ɗan motsa ne. Ba komai, hoton ya isa a yi aiki da shi."

"Bai motsa ba."

"Anti, mutum da irin wannan ciwon kai..."

"Ina kallon sa. Ko yawu bai haɗiya ba." Ta sa bakin biro a kan allon. "In kai ya motsa, komai ne ke motsawa. Hanci ya zama biyu, ido ya zama huɗu, ƙashi ya yi inuwa. Dubi hancinsa. Dubi ƙashin. Tsaf suke. Layi ɗaya ne kawai ya ɓaci, kuma ta kan wannan ɗigon ya bi."

"Wannan tsohon jini ne da ya daskare. Baƙi yake fitowa, kin sani."

Ta sani. Ta kuma san manyan jijiyoyin jini guda biyu da ke wucewa ta gefen wannan ƙulli, dama da hagu, su ma baƙaƙe suke fitowa, su ma sukan ja irin wannan layin. Amma ta san mazauninsu kamar yadda ta san hanyar gidanta, ga su can kowacce a wurinta. Wannan ɗigon na uku ne. Ya matso tsakiya, ya zauna daidai ƙasan ƙarin, a bakin ƙofar da mai shigowa ta hanci zai fara buɗewa.

Wayar ƙaramin likitan ta yi ƙara. Ɗakin tiyata ne, suna tambayar ina mara lafiya. Ya ce ga shi nan zuwa. Ya kashe, ya dube ta.

"Anti, don girman Allah. Idon mutumin nan muke tsere da shi."

"Ba ni minti huɗu."

"Na me?"

"Zan juya hoton."

Wata dabara ce da masu aikin suka sani. Injin yana tattara hoto ne layi-layi, ta fuska ɗaya. Duk abin da ke bugawa a cikin jiki, sai ya bar inuwarsa a jere ta wannan fuskar. In ka ce wa injin ya tattaro daga sama zuwa ƙasa maimakon daga kunne zuwa kunne, inuwar ma sai ta juya. In ta juya kuma ta sake bi ta wuri guda, to a wurin ne mai bugun yake zaune.

"Babban likita zai cinye ni ɗanye," in ji ƙaramin likitan.

"Ka ce masa ni ce. Ai ya san nawata. In dai mutum yana kan gadon nan, nawa ne, kuma ban sallame shi ba." Ta danna maɓallin magana. "Malam kafinta, kana ji na? Ka yi ƙoƙari ƙwarai. Saura kaɗan."

"To, Malama," muryarsa ta fito daga cikin injin.

Minti huɗun nan sun yi tsawo. Ƙaramin likitan ya kai bango ya dawo ya fi sau goma. Anti ta kafa wa allon ido. In layin ya ɓace, ta ɓata wa mutum minti huɗu daga cikin lokacin idonsa, ta kuma tsoma baki a abin da ba huruminta ba. In bai ɓace ba, to ƙarfe biyu za a kai wuƙa inda bai kamata ba.

Injin ya yi shiru. Ta buɗe yanka na goma sha huɗu.

Layin da ya kwanta ya miƙe tsaye. Daga saman kai ya sauko zuwa ƙasa, kuma ta tsakiyar ɗigon ya bi, ko kaucewa bai yi ba. Ta jera hotunan biyu gefe da gefe. Ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, mahaɗarsu guda.

"Ka yi gaskiya, Likita, akwai motsi," ta ce a hankali. "Amma ba shi ne ya motsa ba. Wani abu ne ke motsi a cikinsa. Ƙari ba ya bugawa. Daskararren jini ma ba ya bugawa."

Ƙaramin likitan ya ja kujera ya zauna, abin da ba ta taɓa ganin ya yi a ɗakin ba. Ya daɗe yana kallo.

"Innalillahi," ya ce. Ya ɗauko wayarsa, ya dube ta, ya sake duban allon. "In na kira shi na ce a dakata, kuma ya zama ba haka ba ne..."

"Bari, ni zan kira."

Ta ɗauki wayar tebur. Babban likitan ƙwaƙwalwa mutum ne da ake jin takunsa kafin a gan shi, gwani ne na gaske, kuma bai iya jira ba. A shekara goma sha ɗaya bai taɓa saukowa ɗakin ƙasa ba. Hotuna ne ke hawa su same shi.

"Ranka ya daɗe, daga ɗakin hoto ne. Hoton kafintan ya ba ni matsala. Ina roƙon ka sauko ka duba kafin in sauke shi."

"Ki sake ɗauka mana."

"Na sake, ranka ya daɗe. Shi ya sa nake kira."

Sai ta ji an ajiye waya.

Ba a yi minti uku ba aka ji takunsa a baranda. Ya shigo da hular tiyata a kansa, bai gaida kowa ba. Ya nufi ƙofar injin kai tsaye, sai ta miƙe ta tare shi.

"Ranka ya daɗe, agogonka da biro. Kuma hoton yana nan, ba can ba."

Ya dube ta kamar yau ya fara ganin ta. Ya juyo ga allon, ya sunkuya, ya dafa tebur da hannu biyu. Ya kalli hoton hagu, ya kalli na dama. Ya matsa gaba yanka biyu, ya dawo baya yanka biyu.

"Wa ya ce a juya?"

"Ni ce."

"Me kike gani?"

"Ni ɗauka nake yi, ranka ya daɗe."

"Na sani. Yau karanta mini."

Shekara ashirin da shida tana haɗiye irin wannan amsa, har ta zaci hanyar fitarta ta toshe. Ta dubi ƙaramin allon, inda kafintan ke kwance yana jira da idonsa ɗaya a rufe.

"Ina ganin jijiyar hagu ce ta yi ƙululu," ta ce. "Ƙululun ya kutsa cikin ƙarin ta ƙasa. Jini na gudana a cikinsa, shi ya sa ya fito baƙi, shi ya sa yake jan layi. Kuma yana kan hanyarka."

"Za ki iya nuna mini jijiyoyin kaɗai?"

"Minti shida."

"Ɗauki goma."

Ta sake yi wa kafintan magana, ta ba injin umarni. Wannan karon babban likitan da kansa ya tsaya a bayanta, hannuwa a harɗe. Da hoton ya fito, ƙashi da nama da ƙari duk sun ɓace, sai jijiyoyin jini kawai, farare tas, kamar rassan bishiyar da ta kaɗe ganye. Ta juya bishiyar a hankali a kan allon. Ga shi nan. A jikin babban reshen hagu wani ƙululu ya rataya, cikakke, da siririn wuya, kansa na kallon tsakiya.

Babban likitan ya cire hularsa. Ya ɗauki wayar tebur ya kira ɗakin tiyata.

"A sauke kayan. Ba a shiga ƙarfe biyu." Ya saurara kaɗan. "Na ce ba a shiga. A nemo mini likitan jijiyoyi yanzu, ko yana cin abinci a karɓe cokalin."

Sannan ya ce a kira matar. Ta shigo tana rungume da ledarta, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Matso, Hajiya. Kin taɓa ganin tiyub ɗin keke da ya yi rauni a wuri ɗaya, ya bunƙuro?"

"Na gani, Likita."

"To ga irinsa a jijiyar maigidanki. Ƙarin ya zubar da jini, wannan gaskiya ne, shi ya kawo ciwon kan. Amma wannan bunƙuron yana ɓoye a ƙarƙashinsa, ba mu san da shi ba. Masu irin ciwonsa sukan yi shi fiye da sauran mutane. Da mun shiga ta hanci yau, shi za mu fara taɓawa."

"Da kun taɓa fa?"

Babban likitan bai yi mata kwana-kwana ba. "Da wuya mu iya tsayar da jinin."

Ledar ta suɓuce, ƙusoshi suka watse a ƙasa. Anti ta yi wuf ta take waɗanda suka gangara wajen ƙofar injin, ƙaramin likitan ya durƙusa yana tsince sauran.

"Yanzu za mu fara toshe bunƙuron," babban likitan ya ci gaba. "Za a ba shi maganin rage kumburi don idon. In wannan ya kwanta, sai mu cire ƙarin hankali kwance."

"Allah ya saka maka da alheri, Likita. Allah ya ƙara basira."

"Amin. Amma ba ni na gani ba." Ya nuna Anti da haɓa. "Ga mai idon nan."

Matar ta juyo, ta kama hannun Anti da hannu biyu. Anti ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta ce, "Bari in sauke shi, ya gaji," ta shige ɗakin injin da sauri. Tana zare masa matasan ne kafintan ya buɗe idonsa mai lafiya.

"Malama, na motsa ne aka daɗe?"

"Ko kaɗan. Da ka motsa, da ban gani ba. Rabin aikin kai ka yi shi."

Bai gane ba, amma ya ce alhamdu lillahi.

Da la'asar likitan jijiyoyi ya zura wani siririn bututu ta jijiyar cinyar kafintan, ya bi da shi har cikin kai, ya cika ƙululun da lallausar waya mai kama da gashi, har jini ya daina shiga. Anti ba ta je ba, tana da mutum tara a benci, kuma kowannensu sai da ta bi hotunansa gaba da baya. Abu ɗaya ta aika a tambayo mata: wace irin waya ce? Aka ce irin wadda maganaɗisu ba ya ja ce. Ta ce to madalla, don ta san zai dawo hannunta.

Kwana biyar bayan haka aka shiga ta hanci aka cire ƙarin. Awa uku aka yi, jinin da ya zuba bai cika ƙaramin kofi ba. Ƙaramin likitan ne ya sauko da labarin, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Anti, na zo ne a juya ni. Wataƙila ta ɗaya fuskar na fi kyau."

"Kai dai ka rage gudu. Sauri ya haifi nawa."

"Na ji. In na sami sarari zan riƙa zuwa ina zama kusa da ke, ki nuna mini irin layukan nan."

"Ka zo. Amma ka bar makullanka a waje."

Ya kuma kawo mata takarda mai sa hannun babban likita. Daga ranar, duk mai irin wannan ƙari, kafin a shiga da shi tiyata sai an ɗauki hoton jijiyoyinsa, ko ana gaggawa ko ba a yi. A ƙasa an ƙara layi guda da biro: in mai ɗaukar hoto ta ga abin da bai kwanta mata ba, ta kira shi kai tsaye. Ta karanta sau biyu, ta manna takardar a bango, a inda ƙaramin likita na gaba zai gani.

Bayan mako shida kafintan ya dawo hoton bibiya, da ƙafafunsa. Kumburin fuskarsa ya saɓe, yatsunsa sun fara lanƙwasuwa, idanunsa biyu a buɗe tar. Matar na gefensa tana ba mutanen benci labari tun kafin su tambaya: minsharin da ya hana maƙwabta barci shekara biyar ya tafi, har yanzu takan farka ta taɓa shi ta ji ko yana nan.

Hoton ya yi kyau. Gurbin ƙarin ya koma fili, ƙululun ya mutu murus, babu layi ko ɗaya, a kwance ko a tsaye. Anti ta bi shi gaba da baya, sannan ta sauke shi.

Yana ɗaura takalmi sai ya tsaya, ya ƙura wa kabad ɗin da take ajiye matasai ido. Ya rufe idon dama ya duba da na hagu, wanda ya taɓa rufewa. Ya miƙe, ya buɗe murfin, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Malama, wa ya yi muku wannan kabad ɗin?"

"Tun kafin in zo yake nan."

"Ya karkace. Kusan rabin inci." Ya girgiza kai cikin takaici. "Ranar Asabar zan zo da kayan aiki."

"Ba za ka shigo mini da guduma nan ba."

"To a fito mini da shi baranda."

"Kin gani ko?" in ji matar, tana tura shi waje. "Ku kuka buɗe masa ido. Tun da muka fito daga gida yake kushe ƙofofin mutane."